Hilux 5L ko Vigo D4D? Ku ba ni shawara kahin in zuba kuɗina

Ɗan Ader: Assalamu alaikum jama'a, barkanku da warhaka. Shawara nika biɗa wurin masu mota da makanikai. Ni nan Tawa nike, sana'ata hatsi da albasa, ina bin kasuwannin Badagishiri, Keita, Buza, wani bi har Abalak in kai gero in sawo bisashe. Kuɗin haya sun ishe ni, kuma ba kuɗin kaɗai ba, sai ka shirya kayanka tun asuba mai mota shi ce ba shi tashi sai ta cika, kahin ka isa rabin kasuwa ta watse. Na tara miliyon 8 na sefa da ɗan abin da ba a rasa ba. An gwada mini mota biyu, guda Hilux tsohuwa mai inji 5L sampul kabin, mai ita nan gari shike shina son miliyon 6 da rabi, gudar kuma Hilux Vigo D4D (inji gazuwal mai turbo da kwamfuta) dubul kabin tana Yamai, tsab da ita har da kilim, miliyon 8 cif. Zuciyata na ga Vigo amma ina tsoro. Wace za ni ɗauka?

Bube Makaniki: Wa alaikumus salam. Kahin komi ƙanena, Vigo ɗin wane injin D4D ke cikinta, 2KD ƙarami ko 1KD babba? kuma daga ina ta hito, ta Turai ce ko ta wani poroje ce da anka saida? Amma tun yanzu in hwaɗa maka, ga aikin da ka lissaha 5L ce motarka. Injin nan babu turbo babu kwamfuta, pompo ne da injekta na ƙarhe kawai, ko a Keita ta tsaya maka akwai yaron da za shi tada ta da kile 12 da 14.

Alhaji Mai Albasa: Bube ya gama magana. Ni abin da za ni ƙara shi ne zancen kuɗin. Kana da 8 za ka ba da 8, to da mi za ka sai taya? da mi za ka yi mitasiyon kart giriz da asiransi da bizit teknik? Mota okaziyo ba a hawanta ranar da anka saye ta, sai ta kwana gareji ta ci kuɗi tukun. Wanda duk ya sai rariya ya san tana zubda ruwa.

Nasiru Yamai: Gaisuwa ga manya, amma ni ban yarda da wannan tsoron D4D da ake sa wa mutane ba. Vigo tun 2004 ta fito, yau shekara nawa kenan, makanikan Yamai sun san ta ciki da waje, akwai masu na'urar diyagnostik da yawa. Ta fi 5L ƙarfi nesa ba kusa ba, ba ta shan mai kamar ta, kuma in ka hau gudron daga Tsarnawa zuwa Doso za ka san bambanci, 5L in ta ɗau kaya ta samu hawa sai ka riƙa jin tausayinta, baƙin hayaƙi kawai take yi. Sai yaushe za mu daina zama cikin motocin zamanin iyayenmu?

Bube Makaniki: Nasiru ɗana, ka ce makanikan Yamai. Shi ɗan'uwanmu ba Yamai shika aiki ba, tsakanin Tawa da Yamai ya hi kilomita 500. Ba na ce D4D mugun inji ne ba, inji ne mai kyau ƙwarai in ya samu mai mai tsabta. Matsalar ga ta: pompon shi na tura gazuwal da matsi da ya haura bar 1000, ramukan injekta kuma sirara ne ƙwarai kusan kamar gashin kai, ɗigon ruwa ko ƙasa kaɗan cikin mai sai su cinye su. To wanda ka bin kasuwar ƙauye ina za shi sha mai? wurin mai bido bakin hanya, bidon da jiya ruwa ne cikin shi. 5L tana haɗiye wannan ta yi tari ta wuce, D4D hitila za ta kunna maka ta ƙi wuce gudun jaki, kuma injekta huɗu sababbi da kodin ɗinsu kuɗin wata ƙaramar mota ne.

Akwai kuma abin da ba kowa ya sani ba musamman ga 1KD. Ƙarƙashin kowane injekta akwai ɗan zoben jan ƙarhe, in ya gaji sai hayaƙi shi riƙa sulalewa shina haɗuwa da man inji, man shi koma kamar kwalta shi toshe rariyar da ka tsotso mai daga karter. Mota na tahiya lahiya lau ba ƙara ba komi, rana guda inji shi ƙwanƙwasa. Na buɗe irin su da hannuna, ka sa yatsa cikin rariyar ka ɓamɓaro baƙin abu mai tauri. In za ka sai Vigo dole a kwance bushon bidanj a haska tocila a duba rariyar nan.

Nasiru Yamai: To Baba Bube ai 5L ma tana da nata ciwon, kilas ɗinta, wato kan inji, ba ta tsagewa?

Bube Makaniki: Tana tsagewa in ta yi zahi, wannan gaskiya ne, duk dangin L haka suke tun daga 2L da 3L. Amma zahin ba haka kawai shika zuwa ba, radiyata ce ta toshe da ruwan rijiya mai kanwa, ko an cire tarmosta an yar, ko direba bai kallon allura. Wannan ciwo ne da mai mota ke iya tsarewa da idonshi.

Direban Agadas: Salamu alaikum. Ni shekaruna kan hanyar Tawa Abalak Agadas suke, kuma duk wanda ya san hanyar nan ya san akwai wuraren da gudron ya ƙare sai suna, gara ka sauka gefe ka bi rairayi. Ku duka kuna ta zancen gazuwal kun manta da esans. Ku je Agadas ku gani, masu shiga Libiya da masu zuwa zinariyar Jado tun 2014 mafi yawa Hilux esans suke ja, mai inji 2TR 2.7, saboda tana da gudu, ba ta da kuruwar distiribisiyo, sarƙa gare ta, kuma gyaranta da sauƙi. Sannan nan ƙasar gazuwal ya fi esans tsada, a rangwamen watan Yulin 2024 esans ya koma 499F lita, gazuwal 618F. Ni tawa tana shan kamar lita 13 a kilomita 100, ta abokina 5L tana shan 10 zuwa 11, ku buga lissafi ku gani, kusan kunnen doki ne.

Alhaji Mai Albasa: Lita 13 in ba kaya ke nan direba. Ɗora mata buhu goma na albasa ka shiga laka wajen Tabalak da damana ka zo ka ba mu labari.

Direban Agadas: Gaskiya ne Alhaji, da kaya tana ƙaruwa, ban musa ba. Amma kowace mota haka take.

Hajiya Maman Biyu: Sannunku da muhawara. Direba ka tuna watan Maris na 2025? nan Yamai layin esans muka kwana muna bi, matatar mai ta SORAZ da ke Damagaram ganga 20,000 take tacewa a rana tun da aka buɗe ta 2011 kuma motoci sun ƙaru, ga na Najeriya da muke dogaro da shi ya yi tsada tun da suka cire tallafi 2023. Ni ina da pikop biyu suna rarraba ruwan leda da kayan shago, guda esans guda gazuwal, lokacin nan mai gazuwal ɗin ce ta riƙe ni. Amma ba wannan ya sa na yi magana ba. Ɗan Ader, wa zai ja motar? kai ko direba za ka ɗauka? Don wallahi ni abin da ya fi ci mini kuɗi ba inji ba ne, hannu ne. Na taɓa samun wani direba, kullum ƙafarsa na kan ambirayaj, cikin ƴan watanni ya cinye dis, da dare kuma ashe yana ɗaukar lodin yashi da bulo da ita yana sa kuɗin aljihu, sai da lam biyu, ƙarafan sifirin na baya, suka karye na gane.

Ɗan Ader: Hajiya na gode. Ni za ni ja da kaina ina da permi, ƙanena shi zan karen mota. Baba Bube na tambayi dillalin ya ce 2KD ce, wai ta wata ƙungiya ce ta masu ba da agaji, kwantar na nuna 140,000.

Sani Tiranzite: Tsaya nan Ɗan Ader, maganar ta zo wurina. In motar ƙungiya ce ko ta poroje, yawancinsu ba a biya masu duwan ba lokacin shigowa, da sassauci suka shigo, kuma ranar da za ta koma hannun ɗan kasuwa sai an biya. Ka tambaye shi takardar biyan duwan, ba hoto a waya ba, takardar kanta, da takardar da ƙungiyar ta saida motar. In ya fara ce maka ai wannan ba matsala akwai wanda ya sani a ofis, ka ɗau takalminka. Miliyon 8 ɗin nan tana iya zama farkon biya ne kawai.

Sannan lambar shasi, harufa da lambobi 17 ne, a buge take jikin ƙarfen shasi ta gefen dama. Ka sa a wanke wurin da esans ka karanta da idonka ɗaya bayan ɗaya ka gwama da kart giriz. In ka ga wurin ya fi sauran ƙarfen santsi ko an yi masa sabon fenti shi kaɗai, ko lambobin ba su kan layi guda, an taɓa. Motoci na shigowa ta arewa ba takarda, akwai na sata kuma, ranar da jandarma suka tsaida ka kan hanya ba dillali za su riƙe ba kai za su riƙe.

Nasiru Yamai: Kwantar ma kar ya yarda da ita, 140,000 a Vigo? ana maida ta baya cikin minti goma. Ya duba robar feda da sitiyari da kujerar direba, su ba su ƙarya.

Ɗan Ader: To Malam Sani in na haƙura da duka biyun in yi odar wata daga waje hwa? wani ya ce mini ta hi araha.

Sani Tiranzite: Da can ne. Da mota na sauka Kwatano ta biyo Paraku ta ƙetare gadar Malanbil zuwa Gaya cikin ƴan kwanaki. Tun da aka rufe iyakar nan 2023 kaya suka koma Lome, su ratsa Burkina ta Kaya da Dori su shigo ta Tera, kuma sai an jira rakiyar soja, mota na iya yin makonni tana jira. Duk wannan jiran kuɗi ne kuma kan mai saye yake ƙarewa, shi ya sa ka ga okaziyon cikin gida ma ta hau. Ga mai miliyon 8 ban ba shi shawarar oda ba. Kuma in ta Turai ce ta shekarun baya bayan nan, akwai matatar hayaƙi cikin salansa da ke toshewa, sai an yi ta fama.

Alhaji Mai Albasa: Ku bar ni in koma ga kaya don nan ne ni ka da abin cewa. Dubul kabin motar iyali ce da ta ma'aikata, bayanta bai hi mita guda da rabi ba, sampul kabin ya haura mita biyu. Kai da ka biɗar ɗaukar buhu mi za ka yi da kujerun baya? Sannan Hilux duk ƙarhinta tan guda anka yi ta domin shi, buhun gero goma ke nan na kilo ɗari ɗari, ka cire nauyinka da na yaronka. Na san mi za ku ce, kowa na ɗora ashirin har da mutane bisa. Ina gani kullum ranar Lahadi kasuwar Tawa, mota ta shigo gindinta na jan ƙasa hancinta na kallon sama, an ƙara mata lam har goma sha wani abu. Lam ɗin da ka ƙara ba shi ƙara ma shasi ƙarhi, ba shi ƙara ma birki, nauyin sai shi koma bayan kabin daidai inda bodi ya rabu, nan shasi ka tsagewa. Kuma buhun albasa na Galmi da anka cika anka yi mai hula ya wuce kilo ɗari nesa, kar ka lissafa shi kamar na gero. Ni sha biyu ban wucewa, gara in yi sawu biyu, kuma motata tana hannuna tun ɗiyana na lakwal yanzu sun yi aure.

Direban Agadas: Alhaji in ka tsaya sha biyu ai ba riba, mai da peyaji da na hanya su cinye.

Alhaji Mai Albasa: Kai haya kaka yi, dole ka cika. Shi kayan kanshi za shi ɗauka, ribarshi ga hatsin take ba ga motar ba. Ba ɗaya ba ne.

Ɗan Lakwal: Don Allah manya ni tambaya gare ni, me ya sa kowa Toyota Toyota? L200 fa ko Navara ko D-Max? na ga sun fi sauƙin kuɗi. Kuma Land Cruiser pikop ba ta fi duka ba?

Bube Makaniki: Motoci ne masu kyau ɗana, musamman Isuzu injinta na da rai. Piyes ne matsala. Rotil ɗin Hilux ko kardan ko pompon ruwa ka same su nan Tawa, in babu a kira Ƙonni, in babu a ƙetara Sakkwato gobe shi iso. Na L200 sai ka yi sati mota na bisa duwatsu kana jiran saƙo daga Yamai ko Kano. Ranar saidawa kuma Hilux kamar kuɗi ce a hannu.

Direban Agadas: Land Cruiser 79 mai 1HZ silinda shida ita ce sarauniyar daji ba gardama, amma kuɗinta ba na mai miliyon 8 ba ne, kuma akwai abin da ya fi kuɗi. Ita ce motar da ƴan bindiga suka fi so. Arewacin jihar Tawa wajen Tiliya da Tasara an daɗe cikin dokar ta ɓaci, mutane sun rasa motoci wasu sun rasa rai a kansu. Ko Hilux ɗin ce in ta cika kyau ido na kanta. Ɗan Ader tunda ka ce kana zuwa Abalak, kar ka yi tafiyar dare, kar ka faɗa wa kowa a tasha ranar da za ka taso da kuɗin bisashe, kuma in Allah ya kiyaye aka tare ka ka miƙa kile kawai. Wannan ma wani dalili ne da tsohuwar 5L ta fi maka, ba ta ɗaukar ido.

Hajiya Maman Biyu: Allah ya tsare mu ya kawo mana zaman lafiya.

Ɗan Ader: Amin Hajiya. To na ji, hankalina ya hwara komawa ga ta gida. Baba Bube in na je ganinta mi da mi za ni duba? mai ita ya ce bai daɗe da yin inji ba.

Bube Makaniki: Wannan kalma ta an yi inji ita ce ka sa ni tambaya, wa ya yi, da wane piyes, an kai bulok wurin masu rektifiye ko sigma, zobban piston, kawai anka canza? Ka ce mai kar shi tada ta, ka je da sassahe ka ɗora hannu bisa inji ka tabbata da sanyi. In ta tashi bugu guda alhamdu lillahi. Hwarin hayaƙi kaɗan da sahe ba komi, shuɗi ne mugu, mai taka ci. Tana aiki ka buɗe murhin mai ka aza shi bisa ramin ba tare da ka murɗa ba, in shina rawa kaɗan ba laihi, in iska na tunkuɗe shi inji ya gaji. Tun da sanyi ka buɗe radiyata ka cika ta ka kalla, in kumfa na tasowa ba tsayawa juwen kilas ne ko kilas ɗin kanta. Kar ka buɗe ta da zahi ko da wasa.

Daga nan ka shiga ƙarƙashi da tocila ka bi shasi tun daga gaba har baya, walda kaka biɗa, musamman bayan kabin da wurin maƙalin lam. Sai ku hita gari ku samu rairayi ka sa karabo, giyar da ka sa tayu huɗu su ja, ka ji ko gaba na ja, da yawa an cire masu kardan na gaba an saida, sunan kat-kat kawai ya rage. In ka dawo bisa gudron ka cire karabon, ba a tahiya da shi wuri mai tauri, shina kashe buwat.

In ka saye, ko mi mai ita ya rantse maka, ka canza kuruwar distiribisiyo da tandarta ranar hwarko. Ta 5L kilomita 100,000 ce, in ta tsinke piston na bugun supap ne, aiki ya koma sabo. Bidanj kowane 5,000 da filtir, na gazuwal ma kar ka ja shi, kuma akwai ɗan bushon roba ƙarƙashinshi na zubda ruwa, ka koya ma ƙanenka. Lokacin hunturu filtir na iska kowane sati a hidda shi a kaɗe, a hura daga ciki zuwa waje.

Nasiru Yamai: Shi kenan na sallama tunda aikin ƙauye ne. Amma akwai ta tsakiya da ba wanda ya ambata, akwai Vigo da aka yi wa Afirka mai inji 5L-E, bodi sabo inji tsoho, ma'aikatu da ƙungiyoyi sun yi amfani da su sosai. In ya samu sampul kabin irin ta ya huta.

Bube Makaniki: Wannan gaskiya ne Nasiru, mota ce mai kyau, pompon ne kawai ka da ɗan lantarki. Sai dai masu ita sun san abin da suka riƙe, ban jin 6 da rabi na taɓa ta.

Alhaji Mai Albasa: Ka taya ta gida 5 da rabi, ka tsaya 6. Tayu huɗu masu kauri na kaya da sukur biyu, ba guda ba, hanyar Buza duwatsu ne masu yankan gehen taya. Batir, kuruwa, amortisa, takardu, ka ware masu miliyon guda. Abin da ya rage shi ne jarin gero, kar ka taɓa shi, mota ba hatsi cikinta ba ta da amfani gare ka.

Sani Tiranzite: Kuma ko ta gida ce ka yi takardar ciniki a sa hannu a buga hatimi a hukumance, ka maida kart giriz da sunanka nan take. Ka tabbata sunan da ke kan kart ɗin shi ne na mai saida maka, in na wani ne can da ya rasu ko ya yi tafiya, sai magada sun sa hannu.

Ɗan Ader: Allah shi saka maku da alheri baki ɗaya. Na kira mai motar, kart giriz da sunan wanshi take amma shina nan gari da rai, ya ce za su zo tare. Baba Bube ko kana da sarari jibi da sahe mu tai tare? ni za ni biya aikin dubawa.

Bube Makaniki: Jibi ina da inji buɗe, sai dai gata bayan sallar asuba. Ka ce mai kar shi wanke ta, ina son in ga inda mai ka zuba. Ka zo da tabarmar da za mu shimhiɗa ƙarƙashi, ni za ni zo da na'urar gwada kwampireso.

Hajiya Maman Biyu: Baba Bube in kun gama da tasa ina da tambaya kan tawa, mai gazuwal ɗin ce, kwanan nan in an taka birki da kaya tana ja gefen hagu, an canza pilaket bai daina ba.

Bube Makaniki: Hajiya a duba piston na birkin dama ko ya cije, in ba shi ba a auna iskar tayu biyun gaba. Ki sa yaron shi ɗauko mini hoton tayun in ga yadda suka cinye.